Abu biyar daga saniya, ɗaya daga kanti

  

Yau zancen abinci za mu yi. Na san wasu maza za su ce wannan na mata ne, su buɗe shafi na gaba. Ku dakata tukuna. Wanda ya koya mini wannan girki namiji ne, har da furfura.

A ajinmu na dare a Yantala, nan Yamai, akwai wani dattijo. Ya yi shekaru yana aikin kuku a gidajen Turawa, sai yanzu Allah ya ba shi lokacin koyon karatu. Wani dare na rubuta kalmar biskit a allo. Sai ya yi dariya ya ce: "Malam, biskit iri biyu ne. Akwai na kanti, mai zaƙi, mai ƙarau a baki. Akwai kuma na mutanen Amurka. Shi kamar ƙaramin burodi yake, mai taushi, ba sukari. Wani lokaci sukan cusa gasasshen naman sa da cuku a cikinsa, su gasa, su ci suna tsomawa a romo."

Na ce: "Baba, ai wannan abincin masu kuɗi ne."

Ya ce: "Ɗauki alli ka rubuta mini kayan."

Na rubuta. Nama. Cuku. Man shanu. Nono mai tsami. Ƙashin romo. Garin alkama. Ya ce in ƙirga nawa ne daga jikin saniya. Biyar ne. Gari kaɗai ake zuwa kanti a saya. Aji ya yi tsit. Can sai wata mai tallar nono ta ce: "Ashe mu ne masu kayan, ba mu sani ba."

Maganarta ce ta sa na kawo zancen nan. Kullum da safe madara tana shigowa Yamai a kan babur da keke, daga rugagen wajen Kollo da Hamdallay. Cuku yana zuwa daga Abalak, da Cintabaraden, da Dakoro, da Tukunus. Makiyayi yana sayar da komai ɗanye. In rana ta yi tsaka bai sayar ba, sai ya karya kuɗi. Da marece ya sayi burodi ya kai wa yara tsaraba. Ban ce ku daina sayarwa ba. Cewa na yi ku rage kaɗan ku gwada wannan. Mu a aji mun sa masa suna "mai ciki".

A fara da romo, don shi ne mai daɗewa. A sami ƙashin sa rabin kilo. A ɗora shi a kan garwashi ya ɗan gasu, har ya yi ƙanshi. A yanka albasa 2 manya, irin ta Galmi ta fi. A soya ta a man shanu da wuta kaɗan, ana juyawa, har ta yi launin dabino. Kada a yi gaggawa a nan. Wannan albasa ita ce mai ba romo launi da daɗi. A kwashe rabinta a ajiye don nama. A zuba ƙashi a kan sauran, da ruwa lita 2, da tafarnuwa, da citta, da masoro, da daudawa kaɗan. A bar shi yana tafasa a hankali awa 2, ana kwashe kumfa, har ruwan ya koma rabi. Sannan a tace. Gishiri sai a ƙarshe, don in ruwa ya ƙone gishiri yana nan bai tafi ba. Romon nan tsararo ake so, ba mai kauri kamar miyar kuka ba. In ya yi kauri ba ya ratsa cikin biskit.

Nama kuwa, balangu ko tsire na wurin mahauci ya isa, kwatan kilo. A yanka shi ƙanana ƙanana, a gicciye, don kada ya ja a haƙori. A haɗa da albasar da aka ajiye, da yaji, da romo babban cokali 2. A bar shi ya huce sarai.

Sai cuku. Wanda ya taɓa ganin cukun Turawa ya san yana narkewa a wuta, har ya yi zare. Namu ba haka yake ba. An shanya shi a rana ya bushe don ya jure tafiya, shi ya sa yake da tauri. A sami falle 2, a kakkarya, a daka a turmi. A zuba masa dafaffiyar madara kaɗan, a bar shi rabin awa ya yi laushi. Mutanen wajen Gaya da ke samun wagashi, wanda ake daskarar da shi da tumfafiya, su hannu kawai za su sa su marmashe shi. Cukun da ya yi baƙin ɗigo ko kore, ko ya canza wari, a zubar.

Akwai wani amfani a gasa cuku cikin gari. Yawancin cuku da ɗanyar madara ake yinsa. Cutar nan mai sa shanu ɓari, da tarin fukan shanu, suna iya kama mutum ta ɗanyar madara. Wuta tana kashe ƙwayoyinsu in ta ratsa ciki sosai.

Yanzu mun zo kan kwaɓi. A nan ne aikin yake, a nan ne kuma na sha kunya.

A tankaɗe garin alkama rabin kilo. A sa gishiri ƙaramin cokali 1. A kawo man shanu babban cokali 6. Ɗanyen mai ake so, daskararre, irin wanda ake curawa a bisa nono. Soyayyen mai na kwalba ba ya yin aikin sosai. Kun san zafin ƙasarmu, mai ba ya jimawa bai narke ba. Don haka a sa shi a kwano, a ɗora kwanon a kan ruwan randa ya kwana, a yi kwaɓin da asuba. Lokacin ɗari shi ya fi kowane lokaci. A murza man cikin gari da kan yatsu, har ya zama kamar dambu. Ba a so ya ɓace duka. A bar ƙananan gutsattsari. In sun shiga wuta za su narke su bar gurbi, tururi ya cika gurbin. Abin da ke sa biskit ya yi falle-falle ke nan.

Me zai sa shi ya tashi? Kanwa da nono. Ku gwada da kanku: ku zuba ruwan kanwa kaɗan a cikin nono mai tsami, za ku ga ƴan kumfa suna tasowa. Tsami ne ya gamu da kanwa, iska ta fito. Wannan iska ita ke kumbura gari. A jiƙa kanwa kamar ƙwayar gujiya 2 a ruwa kaɗan, ta narke, ƙasa ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Wanda yake kusa da kanti yana iya sayen farin garin nan na tashin gato, na cikin ƴar takarda. Takarda 1 ta ishi rabin kilo. In an sa shi ba sai an sa kanwa ba.

A zuba ruwan kanwa a gari, a bi shi da nono kusan sulusin lita, kaɗan kaɗan. A juya da hannu har gari ya haɗu kawai. Da ya haɗu, a tsaya.

Ranar da na fara gwadawa a gida ban tsaya ba. Na ga kwaɓin bai yi sumul ba, sai na yi ta bugunsa kamar na fanke. Na kuma ƙara kanwa, wai don ya tashi da kyau. Abin da ya fito rawaya ne, mai ɗaci kamar sabulu, mai tauri kamar dutsen guga. Yara suka cinye naman ciki suka bar mini ɓawo. Na kai wa dattijon guda ɗaya a aji. Ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa a kan benci, ya ce: "Malam, alli ka iya, gari kam da saura." Ya bayyana mini cewa alkama tana da danƙo. In an bugi kwaɓi danƙon yana tashi. Mai burodi danƙo yake nema, mai biskit gudunsa yake yi.

Kuma wannan kwaɓi ba ya kwana kamar ƙullun masa. Iskar kanwa tun daga farko take fita. In an bar shi ya jira, ta tafi ke nan. Don haka wuta ta zama a shirye kafin a zuba nono.

A raba kwaɓin gida 12. A ɗauki ɗaya a faɗaɗa a tafin hannu. A sa nama cokali 1 da cuku kaɗan a tsakiya. A tattaro baki a matse sosai. A ajiye shi bakin yana ƙasa. Kada kwaɗayi ya sa a cika ciki, fashewa zai yi.

Wani zai ce ba shi da gidan gashin burodi. Ni ma ba ni da shi. Babbar tukunyar alminiyam, irin wadda ake zubawa a kasuwar Katako, ta isa. A zuba yashi mai tsabta a gindinta, kaurin yatsa 2. A ɗora a wuta yashin ya yi zafi. A shafa mai a farantin ƙarfe, a jera biskit, a ɗora a kan yashin. A rufe, a zuba garwashi a kan marfi. Wutar sama ta ɗan fi ta ƙasa. Minti 20 zuwa 25 ya isa. Kada a buɗe kafin minti 15. In sama ya yi ja, a fasa ɗaya a duba: ciki ya zama yana tururi, ba ɗanyen gari. Wanda ya ga dama yana iya soyawa a man gujiya da matsakaiciyar wuta, sai dai yana shan mai. Ina roƙon manoma abu ɗaya: gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fenti, kada a yi faranti ko marfi da shi, ko an wanke.

Akwai maganar da ta fi daɗin baki muhimmanci. Wasu za su ce ga hanyar amfani da naman da ya kwana. A'a. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba cikin sanyi ba. Ku tuna a watan Afrilu zafin Yamai yana wuce digiri 40. A irin wannan zafi ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri cikin nama. Wasu suna barin dafi wanda sake ɗumamawa ba ya kashe shi. Babba zai yi amai da zawo ya tashi. Yaro ƙarami kuwa, ruwan jikinsa yana iya ƙarewa. In nama ya rage da dare kuna son aiki da shi gobe, ku soya shi a mai tun daren, har ya bushe, kamar yadda ake yi wa naman layya. Romo kuma a sake tafasa shi kafin a ci. Mai sayarwa ta bar romo a kan wuta, ta zuba wa kowa nasa a ƙaramin kwano. Kada mutum goma su riƙa tsoma abin da suka gatsa a kwano ɗaya. A rufe tire saboda ƙuda da ƙura.

To, ko akwai riba? Wannan aikin lissafi ne, ku ɗauko littafi. Ku rubuta kuɗin kowane abu, har gawayi. Nono da man da suka fito daga saniyarku ma ku rubuta kuɗinsu na kasuwa, don ba kyauta ba ne. Ga misali, amma kowa ya sa farashin garinsu. A ce duka kayan sun ci jika 2 da dala 80. A raba gida 12, kowane ɗaya ya tsaya a dala 40. In an sayar dala 50, ribar ɗaya dala 10 ce, ta duka dala 120. In biyu suka ƙone, nawa ya rage? Wannan na bar muku.

Gaskiya ita ce ba abincin kullum ba ne. A ƙauyen da aka saba da ƙosai da masa, mai ciki zai yi wa mutane tsada. Wurinsa ranar kasuwa ne, ko tashar mota, ko suna da biki, ko buɗa baki da azumi. Garin alkama kuma yawancinsa daga waje ake kawo mana, ko da yake ana noman alkama a garaken Agadas da wajen Ƙonni. Wanda yake son rage kuɗi yana iya cire kashi ɗaya cikin huɗu na alkama, ya mai da garin dawa ko na hatsi mai laushi. In ya wuce haka kwaɓin ba ya riƙe nama, wargajewa yake yi.

Mai tallar nonon nan ta gwada kafin kowa. Nata ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta ce ita ba ta jiƙa cuku a madara, ɗan gasa shi take yi a garwashi kafin ta daka, ƙanshi ya fi fita. Ƴan'uwa na Abalak da Dakoro, ku ne masu cuku. Wanne ya fi a wurinku? Ku rubuto mana da hannunku, ko layi uku ne, ku ba malamin ajinku ya aiko.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.