Nasiha a Kan Naɗin Hakimai da Tuɓe Su

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Tafoki da ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ku sani sarki yana da ikon naɗa hakimi da tuɓe shi, amma ikon nan yana da iyaka. Sarauta amana ce. Littafin nan Kitabul Farƙi, da ake jinginawa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya lissafa gaisuwa cikin ɗabi'un mulkin zalunci. Dalilin a fili yake: wanda ya sayi rawani da dukiya, a jikin talaka zai fanshe. Hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, shi kuwa ya faɗa wa rumbun manomi.

An sha rage ikon sarakuna a ƙasar nan. Nasara sun ci Katsina a 1903. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, aka kafa baitulmali, aka yanka wa hakimai albashi, suka zauna a cikin gundumominsu. A 1976 aka mayar da mulkin En'e hannun ƙananan hukumomi. Duk da haka, har yau hakimi da dagaci ne ake fara kai wa ƙarar gona da burtali, su ne kuma suka san baƙon da ya sauka a gari.

A 2021 majalisar Sarkin Katsina ta tuɓe Hakimin Ƙanƙara bisa zargin da ya shafi 'yan bindiga. Ba namu ba ne yanke hukunci a kansa. Abin da muke kira gare shi shi ne ƙa'ida ɗaya ga kowa. Kada a naɗa sai wanda jama'ar gari suka shaida amanarsa. Kada a tuɓe sai an yi bincike, an kawo shaidu, an ji bakin wanda ake tuhuma. Kada kuma a bar azzalumi bisa kujera don yana da uwa a gindin murhu. Hakimin da ake iya tuɓewa da tsegumi ba zai faɗa wa sarki gaskiya ba, wanda kuwa ya tabbata ba mai taɓa shi ba zai saurari kukan talaka ba.

Ku malamai, ku faɗi wannan a zaurukan karatu, ku faɗe shi a gaban masu sarauta cikin ladabi. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wassalamu.