Filin Gida da Iyali: Ɗan Itacen da Ya Dace da Tsakar Gidanmu



Duk wanda ya ratsa lungunan Nima da Maamobi ya san cewa siminti da kwano sun cinye ƙasa. Gida guda ya tara iyalai da yawa, tsakar gida kuwa ita ce madafa, ita ce wurin wanki da shanya. A ranar 11 ga Yuni, 2021, da gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da shirin Green Ghana da nufin dasa itatuwa miliyan 5, da yawanmu mun rasa inda za mu haƙa rami ko ɗaya. Haka 'ya'yanmu ke tasowa ba su taɓa rainon tsiro da hannunsu ba, wannan kuwa asara ce.

Shawararmu ita ce ɗan itacen nan da ake kira tuja, wanda masu sayar da furanni a bakin titunan Akra ke jerawa. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Ganyensa shimfiɗaɗɗe ne kamar mafici, kore shar rani da damina. A nemi gajeren irinsa, domin ba ya saurin girma, yana iya shekaru cikin tukunya guda bai tare wa kowa hanya ba.

Sai dai mun sha ganin ya bushe a hannun masu ƙaunarsa, kuma mafi yawan lokuta yawan ruwa ne sanadi. Saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa. Don haka a huda gindin tukunya, a gauraya ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, sannan a ɗora tukunyar kan bulo, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwan sama ke yin ƙarfi. Kafin a ba shi ruwa a tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a dakata. Ragowar ruwan alwala ta wadatar, amma ruwan wanki mai sabulu illa ne gare shi.

Yana son rana ta wajen sa'o'i 6 a yini, saboda haka ɗaki ba mazauninsa ba ne. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan lulluɓe ganyen. A riƙa ɗauraye shi da sassafe. Wajen aski kuma a tsaya kan koren ganye, domin reshen da aka yanke har tsohon icce da wuya ya sake toho.

A ƙarshe, muna roƙon iyaye su damƙa wa yaro guda amanar tukunyar, su kuma kai yaran lambun Aburi, wanda aka buɗe tun 1890, su ga yadda itace ke zama idan ya samu kulawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya albarkaci gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.