Wa ya ce baƙo raɓa ne?

Duk lokacin da ƙungiyoyinmu na al'adu suka shirya taron tunawa da tarihin Damagaram, abu ɗaya ake maimaitawa: jerin sunayen sarakuna, da ganuwar Birni, da igwogin Tanimu, da kisan Cazemajou a 1898. A yi kiɗa, a hau dawaki, a watse. Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da nake ja da shi shi ne a ce iyakar tarihin garin ke nan, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka gina shi ba a ko ambatarsu, don kawai kakanninsu daga wani wuri suka zo.

To, wane ne bai zo daga wani wuri ba? Gidan sarautar kansa daga ƙasar Barno ya samo tushe a ƙarni na 18, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa Kukawa. Zango kuwa sunanta ya tona asirinta: masaukin ayari ce. Nan Abzinawa suke sauke gishirin Bilma, nan Larabawan Gadamas da Tarabulus suka kafa gidaje, suna kawo yadi da takarda da bindigogi, suna komawa da gashin jimina da fatu. Da Heinrich Barth ya iso a ƙarshen 1852, a nan ya zauna yana jiran kuɗin da aka aiko masa ta hamada, kuma suka iske shi. Garin da saƙo ke ratsa Sahara ya same ka a cikinsa ba da ganuwa kaɗai ya yi suna ba, da fataken da ke zaune bayan ganuwar ya yi. Akwai kuma baƙin da ba su zo da son ransu ba. James Richardson, wanda ya sauka a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na cinikin bayi. Jikokin waɗanda aka kawo da igiya suna nan cikinmu, amma a wurin taro sai kowa ya sunkuyar da kai.

Daga 1911 zuwa 1926, lokacin da Damagaram ke riƙe da hedkwatar mulkin Nasara kafin a mayar da ita Yamai, wasu baƙin suka shigo: akawuna da malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya daga Dahome da Senegal da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau. A Disamban 1963, da rikicin tsibirin Lete ya yi zafi, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome daga ƙasar. Mu malamai ya kamata wannan ya fi damu, domin a cikin waɗanda aka kora har da masu koyarwa. Wa ya rubuta sunayen waɗanda suka koyar a garin nan? A wace unguwa suka zauna, wa suka aura, su wa suka rage?

A Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, ƴan Filifin sun yi ta zuwa aikin ƙodago a masana'antun sa kifi a gwangwani tun farkon ƙarni na 20. Aikin rani ne, mai wari, mai ƙaramin lada, irin wanda ba a yi wa mai yinsa kirari. Amma nasu ba su bar su sun ɓace ba. A 1982 suka kafa ƙungiyar tarihi a Seattle, a 1996 kuma Thelma Buchholdt ta fitar da littafi a kan zamansu a Alaska daga 1788 zuwa 1958. Ba su jira gwamnati ba, tsofaffinsu suka bi gida gida. Mu nan André Salifou ya ba mu tarihin masarautar tun 1971, muka rungume shi muka kwanta, kamar aikin ya ƙare.

Wasu za su ce tonon asali fitina yake haifarwa, gara a bar kaza cikin gashinta. Ni dai na ga abin da shirun ya haifar. Ran 16 ga Janairun 2015 aka ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa da Nijar a garin nan. Dalilan wannan rana suna da yawa, amma yaron da aka koya wa cewa baƙo raɓa ne, hantsi na yi zai bushe, ba ya jin nauyin cinna wa ginin maƙwabcinsa wuta.

Kara-Kara ce ta fi kowace unguwa shan wannan rashin adalci. An keɓe ta ne don kutare, mutanen da danginsu suka guje su, suka taru suka hayayyafa. Yau idan aka ambace ta sai a tuna ƴan daba, musamman tun fitowar fim ɗin Aicha Macky a 2021. Ɗalibin da ya fito daga can yana iya jera maka sarakuna tun daga Sulemani ɗan Tintuma, amma bai san ƙauyen da kakarsa ta baro ba, kuma babu malamin da ya taɓa nuna masa cewa wannan ma abin tambaya ne.

Saboda haka ga abin da nake nema daga abokan aikina. Kowane malamin Hausa ya aiki ɗalibansa su ɗauko hirar tsoho ɗaya a unguwarsu, da wayar da ke aljihunsu: daga ina, a wace shekara, da wace sana'a. Ƙungiyoyi su rage kuɗin rumfa da kujeru na taro ɗaya su buga abin da aka tara, da Hausa da Faransanci. A fara da Kara-Kara da Zango, domin waɗanda suka ga korar 1963 da wayonsu yau sun haura shekara 70.