A Ba Kanikawa Fili: Tseren Mota Ba Na Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ne

A bayan garejin kawuna a Birnin Kebbi akwai wata tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Ba taya, ba gilashi, kaji ma sun mayar da kujerar baya wurin saka ƙwai. 'Yan gwangwan sun yi zarya har sun gaji, Kawu ya ce ko nawa za su bayar ba ta sayarwa ba ce. Ranar da na tambaye shi dalili, sai ya ajiye sifana ya kalle ni ya ce: "Ɗana, wagga mota da kaka gani ta sha ƙura, ta kuma shayar da wasu. Ku yanzu mi kunka sani ban da latsa waya?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Labarin da ya ba ni shi ne, lokacin suna samari, in an cire amfanin gona, shi da abokansa kanikawa sukan fita wani fako a bayan gari. A kafa durom biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, a yi ta zagaye har a ga wanda zai riga. Motar ba fitila, ba takardu, don haka ba ta hawa kwalta da ƙafarta. Wani lokaci a ɗaure ta da igiya a bayan a-kori-kura, yaron gareji na ciki yana riƙe da sitiyari yana taka birki. Wani lokaci kuma a roƙi direban babbar mota mai bodin katako da ya sauke albasa, ya ja da baya ya jingina da tudu, a shimfiɗa katako biyu, majiya ƙarfi su tura ta ciki. Yaran gareji su ɗare saman bodi da jarkar ruwa da akwatin sifanu. Duk unguwar da aka ratsa, yara sai sun bi da gudu suna ihu. Wanda ya ci kuma abin da zai samu bai wuce kuɗin karo-karo da ake sayen tsire da shi a ci tare ba.

Ni ban riski wannan zamani ba, kuma na san dattijo in yana ba da labarin samartakarsa ba ya rasa ɗan gishiri. Amma wallahi ina kewarsa kamar da ni aka yi. Kuma da na zauna na yi tunani, sai na gane ba tsohuwar mota nake kewa ba. Abin da ya burge ni shi ne a lokacin ɗan talaka mai basira a hannu yana da inda zai nuna ta.

Ba mu kaɗai ke wannan kewa ba. A Amurka akwai wani tsere na ƙananan motoci masu ƙaton fiffike a bisa kai, da ake yi a zagayayyen fili na jar ƙasa. Filin da ya fi suna shi ne na Knoxville a jihar Ayowa, inda ake babbar gasa duk shekara tun 1961. Abin da zai ba ka mamaki, asalin filin nan na sukuwar dawaki ne, a wurin baje kolin amfanin gona. Manoma da kanikawan ƙauye ne suka raya wasan. Mutum ya haɗa motarsa a bayan gida, ya ɗora ta kan buɗaɗɗiyar tirela, ya ja da a-kori-kurarsa zuwa fili. Yau manyan 'yan tseren da rufaffun tireloli suke zuwa, kowace kamar gida, injin kaɗai kuma dubun-dubatar daloli ne. Tsofaffin 'yan kallo na can suna ƙorafin da Kawu ke yi: a da kana ganin motar tsere a hanya ka san yau akwai wasa, yanzu an kulle komai a akwati, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya koma ɗan kallo.

To mu dawo gida. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kimanin kilomita 50 ce, kuma a can muke da bikin da duniya ta san mu da shi. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Ka duba yadda aka gina bikin nan. Wanda zai faɗa kogin Matan Fada, homa da gora kawai yake buƙata. Wasannin Kabanci, irin su tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, ba mai tambayar ka ɗan waye. Kokawa da dambe ma haka, ƙarfinka da dabararka su ne jarinka. Wannan shi ne sirrin Argungu: gasa ce da talaka zai shiga ya kayar da kowa a gaban sarki.

Bikin yana da nasa ɓangaren motoci. A watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin bayan kusan shekara 10 ba a yi ba, an yi gangamin motoci da ya taso daga Abuja ya ratso biranen Arewa ya ƙare a Argungu. Hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci ce ta jagoranta, da nufin tallata motocin da ake haɗawa a Najeriya. Abu ne mai kyau, ban raina ba. Amma mu faɗi gaskiya: sababbin motocin kamfanoni ne. Bakaniken da ke ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a Argungu, wanda zai iya kwance kafireta ya mayar ido rufe, nasa bai wuce ya tsaya bakin titi ya ɗaga hannu ba. A cikin bikin da aka gina kan gasar talaka, ɓangaren mota ne kaɗai ba shi da ƙofar shiga.

Wani abin lura, shugaban hukumar a lokacin, Jelani Aliyu, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya wuce Amurka, inda ya yi aiki da General Motors har ya zana motar Chevrolet Volt. Wato daga garin nan namu aka taɓa samun wanda ya zana motar da duniya ta yi magana a kai. Yara nawa ne irinsa ke kwance ƙarƙashin mota yanzu haka, hannu duk baƙin mai, ba wanda zai taɓa sanin abin da ke kansu?

Ita kanta Fijon da muke wa dariya ba ƙaramar mota ba ce. A 1975 Peugeot 504 ce ta lashe gasar Safari ta Kenya, ɗaya daga cikin tsere mafi wahala a duniya, kuma a shekarar ne kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa kowane gareji a Arewa ya san cikinta da bayanta, kayan gyaranta kuma ko a kasuwar ƙauye ka samu. Motar da bakanike ya fahimta ita ce motar da zai iya wasa da ita. Ta yanzu kuwa, ƙaramar fitila ta kama a gaban direba sai an nemo mai kwamfuta.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, 'yan uwana matasa. Son gudu bai mutu ba, wurin yin sa ne ya canza. Kowa ya san abin da ake yi ranar ɗaurin aure da ranar kai amarya. A ari motar Baba ko ta yaya, a hau titi a yi ta juyi, taya na ƙauri, abokai sun fito da rabin jiki ta taga suna ɗaukar bidiyo. Masu babura su ɗaga tayar gaba a tsakiyar mutane. Da daddare a ɗora a TikTok, a samu masu yabo, gobe wani ya ce sai ya fi. Ina da abokin da muka yi sakandare tare, yau da sanda yake tafiya saboda wasan mota na bikin da ko gayyatarsa ba a yi ba. Tsaye kawai yake a gefen hanya. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, ƙafar kuma har yau.

Duk lokacin da irin haka ta faru, sai a yi wa'azi, a yi barazanar kamu, a yi shiru na wata biyu, a koma. Ban ce kar a kama ba. Wanda ya mayar da titin jama'a filin wasa ya cancanci hukunci, ko ɗan waye. Amma hani kaɗai bai taɓa kashe wannan sha'awa ba. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ba su hana saurayi sukuwa ba, fili suka ware masa.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne, kuma zamanin su Kawu ba aljanna ba ne. Ba hular kwano, ba bel, ba motar asibiti. Shi da bakinsa ya gaya mini akwai wanda motarsa ta kife, hannunsa bai sake miƙewa daidai ba. Jan mota da igiya a kan hanya ma ganganci ne, ba na fatan a dawo da shi. Abin da nake so a ɗauko daga wancan zamani shi ne arha da buɗaɗɗiyar ƙofa. Gangancin a bar shi can.

Na biyu, za a ce ana fama da abin da za a ci, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta zama abin da ta zama, ga matsalar tsaro, kai kana zancen tsere? Wannan ma magana ce. Amma man da ake ƙonawa a wasan biki fa, kyauta ake ba da shi? Ana kashe kuɗin ko an so ko ba a so, sai dai a kashe a inda ba ya amfanar kowa. Tsere mai tsari kuwa aiki ne ga mai walda, mai faci, mai fenti, mai gyaran lagireto, har da mai shayi da mai tsire a bakin fili. Kuma ba gwamnati nake cewa ta gina wani katafaren wuri na biliyoyi ba. Fako muke da shi har ya yi yawa.

Ga abin da nake gani zai yiwu. Masarautar Argungu da masu shirya biki su ware rana ɗaya da fili ɗaya nesa da gidaje, a yi masa shinge da tsofaffin tayoyi da tudun ƙasa, 'yan kallo su tsaya baya. A yi rukuni biyu ko uku: tsofaffin motoci, babura irin na 'yan kabu-kabu, da kekuna don ƙananan yara. Ƙungiyar kanikawa ta tantance kowace mota. Dole a yi wa direba kejin ƙarfe a ciki, a cire gilasai, ya sa hular kwano ya ɗaura bel. Jami'an kiyaye haɗurra da 'yan kwana-kwana da motar asibiti su kasance a wurin kafin a tayar da inji ko ɗaya. Ba lasisi, ba shiga. Duk wanda aka taɓa kamawa yana wasa a titi, a hana shi shiga na shekara. Nan za ka ga yara sun fara kiyaye kansu da kansu.

Sai babbar doka, wadda in babu ita 'ya'yan masu kuɗi za su ƙwace wasan cikin shekara biyu: a ƙayyade kuɗin mota. A ƙasar Finlan akwai wani tsere da sunansa ma ke nufin rukunin kowa da kowa. Dokarsu ita ce, in an gama tsere, ana iya taya motarka a kan wani ƙayyadadden farashi mai sauƙi, kuma in ka ƙi sayarwa ka rasa damar shiga. Saboda haka ba mai zuba dukiya a mota, tunda gobe wani zai iya ɗauke ta da arha. Sai ya zama hannu da ƙwaƙwalwa ne ke cin gasa. Ko a Amurka akwai ƙananan rukunai da aka taƙaita girman inji don mai ƙaramin ƙarfi ya samu shiga. Mu da muka iya ciniki, wannan doka ai kamar don mu aka yi ta.

Ɗaliban injiniya na Waziri Umaru da na Aliero su ma ga inda za su gwada abin da suke karantawa. Kowane rukunin ɗalibai ya haɗa kai da gareji guda, masu lissafi da masu sifana su zauna tabarma ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mu kuma masu waya a hannu, namu aikin ya fi kowanne sauƙi. Mu daina yaɗa bidiyon masu wasa da rayukan mutane a titi, ko da sunan Allah wadai ne, domin yaɗawar ita ce ladan da suke nema. Mu juya kyamarar zuwa garejin unguwa. Ka je ka tambayi tsohon bakaniken layinku motar da ya fi so a rayuwarsa, ka ɗauka, ka ɗora. In muka yi ta maganar nan har ta kai kunnen masu shirya biki, ba abin mamaki ba ne a saurare mu.

Da na gaya wa Kawu zan yi wannan rubutu, bai ce komai ba. Washegari na tarar ya kori kajin, ya buɗe bonet, yana leƙa injin yana lissafi da yatsu. Na ce, "Kawu, za ta tashi kuwa?" Ya ce, "Kai dai samo muna hili."