Baƙin hunturu sun sauka Korama: wa zai ƙidaya su?

Ga ɗari ya shigo, hunturu ya lulluɓe gari. A ƙasar Matamaye masu rake suna ta sara, amalanke suna ta kai da kawowa tsakanin garake da kasuwa. To duk wanda ya yi sammako ya gangara kwarin Korama cikin wannan lokaci, idan ya tsaya bakin tabki ya yi shiru na ɗan lokaci, zai ga waɗansu tsuntsaye da bai gani ba da damina. Zai ga ƙananan agwagin ruwa sun yi cincirindo a tsakiyar tabki. Zai ga waɗansu masu dogayen ƙafafu da siririn baki suna caccakar taɓo a gefe. Wata rana ma zai ga wata babbar shamuwa fara, mai baƙin fiffike da jan baki, tana takawa a hankali cikin gona tana tsintar fāra.

Waɗannan ba ƴan gida ba ne. Ƴan gida mun san su: dinya, da kirinjijiya, da balbela, da zakaran ƙeƙuwa wanda ba ya barin kowa ya matso ruwa bai yi masa kururuwa ba. Mun kuma san shamuwarmu baƙa, wadda ke zuwa da alamar damina ta yi sheƙa bisa itacen tsakar gari, babu yaron da zai taɓa ƙwanta. Idan kaka ta yi sai ta nufi kudu, can wajen gabashi da kudancin Afirka. To a daidai lokacin da take sallama da mu, a lokacin ne waɗannan baƙi suke isowa daga arewa. Sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe a ƙasashen Turai da Rasha, sanyi ya kore su, sun keta teku, sun keta Sahara. Wanda ya taso daga Holan ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 4000 kafin ya sha ruwan Korama. Ƙaramar agwagwar nan da namijinta ke da farin zane bisa ido, nauyinta bai kai rabin kilo ba, amma ita ma wannan hanya ta biyo.

A ƙasashen da ke da teku, mutane sukan fita da sanyin safiya, madubin hangen nesa a wuya, littafi a hannu, su bi gaɓar ruwa suna kallo suna rubutawa. A Muritaniya akwai wurin da ake kira Banc d'Arguin, inda tsuntsayen bakin ruwa kimanin miliyan biyu ke cin hunturu, kuma gwamnatin ƙasar ta keɓe shi tun 1976. A Senegal akwai Juj, kusa da inda kogin Senegal ke shiga teku, an keɓe shi tun 1971. Mu a Nijar ba mu da teku. Amma ita kalmar nan Sahel, wadda ake kiran yankinmu da ita, ma'anarta da Larabci gaɓa. Ga tsuntsun da ya kwana biyu ko uku yana tashi bisa rairayi, tabkunanmu su ne gaɓar da yake fara sauka. Idan ya tarar da ruwa ya rayu. Idan ya tarar da fako, to sai abin da Allah Ya yi.

Abin da nake so in faɗa shi ne, ya kamata mu da kanmu mu riƙa ƙidayar waɗannan baƙi kowace shekara, mu rubuta, mu adana. Kuma waɗanda suka fi cancanta da wannan aiki su ne ƴan uwanmu da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci.

Na san wani zai yi dariya ya ce kallon tsuntsu ai aikin wanda ya ƙoshi ne, mu da ke neman abin sawa a bakin salati ina ruwanmu. Bari in ba shi labari guda. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda suka saba gani cikin kowane shinge, bai dawo ba kamar yadda ya saba. Da suka duba littattafansu sai suka ga fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓata a shekara ɗaya tak. Aka yi ta neman dalili a can ba a samu ba. Daga baya aka gane dalilin yana nan wajenmu: ruwan sama ya gaza a Sahel a 1968, ciyawa da ƙwari suka yi ƙaranci, tsuntsayen suka mutu kafin su koma. Wannan shi ne mafarin farin da ya kai mu ga bala'in 1973, wanda dattawanmu ba su manta ba. Ashe ɗan tsuntsu ya riga kowa kai labari. Waɗanda suka karanta labarin kuwa, waɗanda ke riƙe da alƙalami ne. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu ba mu rubuta kome ba.

Su ma Turawan ba da sani aka haife su ba. Da can ba su san inda shamuwarsu ke tafiya da sanyi ba, har waɗansu na cewa tsattsewa cikin taɓo take shiga ta yi barci. A 1822 aka harbo wata shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta, ta taho da shi tun daga nan. Har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Danmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don in an same su a wani wuri a san inda suka fito. Malamin makaranta ne fa, ba wani babban ma'aikaci ba. Yau idan yaro ya tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa a Kance ko Tsauni, wannan zobe wasiƙa ce, akwai mai jiran amsarta. Abin takaici, sau da yawa akan mai da shi abin wasa, ko a jefar don tsoron sihiri.

Sannan baƙin nan ba ci kawai suke yi ba. Farar shamuwa abincinta fāra. Akwai wani shaho mai ruwan toka da ke yawo ƙasa-ƙasa bisa saura, shi ma daga Turai yake zuwa, kuma a nan yawancin abincinsa fāra ce. Kowace fārar da suka ci da rani, ba za ta yi ƙwai ta jira gero ba. Ƙananan tsuntsayen kuwa, masu bincike sun tabbatar gawo na cikin itatuwan da suka fi so, domin shi ne ke da ɗanyen ganye da fure da rani, ƙwari na taruwa a kansa. A nan sai mu yi wa manoman Matamaye da Magarya da Mirya jinjina. Tun daga shekarun 1980 suka dage da barin ƴan gawo cikin gonakinsu, har ƙasar ta sake yin itace, masana daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa gani. Don taki da abincin dabbobi suka yi, ba don tsuntsu ba, amma tsuntsu ya samu masauki.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin ruwa. Kowane dattijo a ƙasar nan zai iya nuna maka inda tabki yake kaiwa yana yaro, da inda ya tsaya yau. Yashi yana gangarowa daga tudu da kowane ruwan sama yana cike kwari. Kacala tana cinye abin da ya saura, har kifi da tsuntsu da mai ban ruwa duka su rasa wuri. Injunan ban ruwa sun yawaita, suna zuƙe ruwa da sauri fiye da yadda guga ta taɓa yi. Akwai kuma mai wanke famfon feshin maganin ƙwari a cikin tabkin da shanu ke sha. Ban ce manomi ya yi laifi da ya nemi abinci ba. Noman rani, wanda hukuma ta ƙarfafa bayan farin 1984, ya ceci gidaje masu yawa daga ƙaura, kuma a ƙidayar 2012 mutanen gundumar Kance sun kusa 400,000, cikin ƙasa ƴar kaɗan. Baki ya yi yawa, gona ba ta ƙaru ba. Amma daidai saboda haka ne muke bukatar ma'auni. Tabkin da agwagi suka ƙaurace wa bana, shi ne wanda mai garka zai ƙaurace wa nan da ƴan shekaru. Likita yakan taɓa jijiyar hannu ya san halin da jiki ke ciki. Haka adadin tsuntsu yake ga tabki.

Akwai ƙorafi biyu da ba zan tsallake ba, don suna da ƙamshin gaskiya. Na farko, manomi zai ce tsuntsu ai maƙiyinsa ne. Haƙiƙa jan-baki na yin ɓarna a gero da dawa, amma shi ɗan Afirka ne, ba ya cikin baƙin da muke magana, kuma baƙin suna isowa ne galibi bayan an kai amfani rumbu. Na biyu, murar tsuntsaye. Mutanen Magarya suna tune da watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka tabbatar da cutar a agwagin gida, aka hallaka kaji da yawa, masu kiwo suka yi hasara. Gaskiya ne tsuntsayen daji suna iya ɗauko wannan cuta daga nesa, kamar yadda fataucin kaji ke yaɗa ta daga kasuwa zuwa kasuwa. To amma kisa ko kora ba ya maganinta. Abin da ke taimako shi ne a sami mai sa ido a bakin tabki, wanda in ya ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa ba zai taɓa ba, ba zai bar yara su ɗauka ba, zai garzaya ya shaida wa ma'aikatan kiwo. Wannan ƙorafi ma ashe hujja ce ta a yi ƙidaya.

Ƙasarmu ba ta zauna a baya ba wajen sa hannu. A 1987 Nijar ta shiga yarjejeniyar kare wurare masu dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. An sa tabkin Lasuri na jahar Damagaram cikin jerin a 2005, aka ƙara da na Gidimuni da na Madarumfa a 2019. Tun 1967 kuma ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar watan Janairu, kuma ma'aikatanmu na gandun daji sun sha shiga cikinta. Sai dai ma'aikata kaɗan ne, mota da mai sun yi ƙaranci, dole su nufi manyan tabkuna. Ƙananan na Korama, waɗanda ba su da suna a taswira, ba mai zuwa. Alhali kuwa in an haɗa su wuri ɗaya ruwa ne mai yawa, kuma su ne talaka ke rayuwa a kansu.

Ga inda ɗan yaƙi da jahilci zai shigo. Sau nawa muka ji ana kukan cewa wanda ya koyi karatu yana mantawa don ba shi da abin rubutawa? To ga abin rubutawa. Ba ya bukatar kome sai littafi ɗaya da alƙalami. Ya zaɓi tabkin garinsu, ya je da hantsi bai ɗaga ba, ya tsaya wuri ɗaya, rana a bayansa. Ya rubuta kwanan wata, da sunan tabki, da inda ruwa ya kai, da irin tsuntsun da ya gani da adadinsa. Idan garke ya yi yawa, ya ƙidaya goma, ya riƙa auna saura da idonsa goma-goma, kamar yadda makiyayi ke yi wa tumaki. Idan bai san sunan tsuntsu ba ya rubuta kamanninsa: launin ƙafa, tsawon baki, girmansa in an gwada da kurciya ko zabo. Badi ya koma wannan wuri, a wannan wata. Shekarar farko littafin ba zai faɗa masa kome ba. Ta biyar zai fara magana. Ta goma kuwa, in aka zo rabon aikin yashe tabki ko cire kacala, mai gari zai shiga taro da hujja a rubuce.

Saura hukuma. Ina roƙon mahukuntan Matamaye da Kance da Dungu da Yawuri da sauran ƙananan hukumomi, da ma'aikatan gandun daji, da masu kula da karatun manya, su haɗa kai a buga ɗan littafi mai hotuna da sunayen tsuntsaye da Hausa. A nemi sunayen wajen maharba da masunta tun tsofaffinsu suna raye, don yawancin matasa yanzu kowane tsuntsun ruwa agwagwa suke ce masa. A sanya mutum ɗaya a ofishin gandun daji wanda zai karɓi littattafan ƙidaya a ƙarshen Janairu, da kowane zobe da aka tsinta, ya kuma mayar wa mai kawowa da amsa. In ba a mayar da amsa ba, ba zai sake kawowa ba. A kuma fassara wa jama'a dokar farauta ta 1998 da harshensu, domin mai ɗana raga a bakin tabki sau da yawa bai taɓa jin akwai ta ba.

Sarakuna da masu gari kuwa, abin da nake nema wajensu bai fi ƙarfinsu ba. A kowane tabki a yi shawara da masu garake da makiyaya a bar kusurwa ɗaya: ba noma, ba raga, ba danƙon harbi, ba wankin famfon feshi. Yadda aka iya barin burtali don shanu, haka za a iya barin taku hamsin don baƙi. Ba su daɗewa. Daga watan Maris zuwa Afrilu, da zafi ya fara, za su kama hanyar arewa.