Wasiƙa Zuwa ga Makanikai: Kafin Ku Ce "Ring Ne"

'Yan'uwana makanikai, iyayen gida da yaran gareji.

Ina so mu tattauna a kan hukuncin da ya fi kowane saurin fita daga bakinmu. Mutum ya shigo da tsohuwar Golf ko Corolla tana hayaƙi, bai ma kashe ta ba an riga an ce masa, "Alhaji, ring ne, sai an sauke inji." Wani lokacin ring ɗin ne kuwa. Amma sau da yawa abin da ke damun motar bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, mu kuma mun ɗora wa mai ita aikin da zai cinye masa ribar wata uku.

Motocin da ke zuwa hannunmu tsofaffi ne. Yawancinsu sun gama zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano ko Legas, sannan su zo su soma sabon aiki tsakanin Kano da Katsina, ko Maraɗi da Damagaram, da lodin da mai ƙera su bai taɓa tunani ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, direban haya ba shi da rarar da zai yi gwaji da ita. In kun ce ya sauke inji, zai tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo ring da metal da gasket, ya biya mai gyaran tof, ya yi mako bai fita aiki ba. Mutumin da zai ɗauki wannan nauyi ya cancanci a ba motarsa minti talatin na bincike kafin a taɓa sifana.

Launin hayaƙi kowane yaro ya haddace shi: shuɗi baƙin mai ne, fari ruwa, baƙi fetur ya yi yawa. Abin da ba a koya wa yaran shi ne lura da lokacin da hayaƙin ke fitowa, alhali a nan amsar take.

Ku ɗauki shuɗi, tunda shi ne ke jawo sauke inji. Idan mota ta kwana, aka tayar da ita da safe ta yi aman shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci sannan ta washe, ku bar ring ya huta. Robobin bawul ne suka bushe suka taurare, mai ya kwana yana ɗiga ta jikin bawul zuwa kan fistin. Haka in ta daɗe a tsaye tana silo a cunkoso, direba ya taka ta yi bul da hayaƙi sannan ta daina. Gwajin da ya fi fayyace wannan shi ne gangara. Ku sa yaro ya tuƙa, ku bi shi a babur. Ya saki totur motar na cikin giya har ƙarshen gangarar, sannan ya taka. Lokacin da totur ke rufe injin na zuƙa da ƙarfi, in robobin bawul sun mutu sai ya zuƙo mai ta nan, hayaƙin ya fito a takun farko. A injina da yawa ana canja waɗannan robobi ba tare da an ɗaga tof ba, matuƙar an tokare bawul ɗin kada ya faɗa cikin silinda.

Na ring dabam yake. Shi yana ƙaruwa ne da aiki: a hawan tudu, da lodi, ƙafa na kan totur, kuma ba ya washewa don injin ya ɗau zafi. Ku buɗe murfin zuba mai injin na aiki. Ɗan huci ba laifi ba ne, amma in yana busowa da hayaƙi har yana tura tafin hannu, wuta na tserewa ta gefen fistin. Duk da haka kada ku tsaya nan. Ma'aunin kwamfireshan ba shi da tsadar da za a ce gareji guda ya kasa mallaka, kuma abin kunya ne a samu maigida mai yara goma yana toshe ramin fulogi da ɗan yatsa wai yana awo. Injin da zafinsa, a cire fulogai duka, a buɗe totur gaba ɗaya, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Bambancin da ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 tsakaninsu abin dubawa ne. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake awo. In ta tashi sosai, ring ne ko bangon silinda. In ba ta motsa ba, ku nemi bawul ko gasket. In biyu masu maƙwabtaka suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Wannan dabarar zuba mai ta injin fetur ce. Kada a yi ta a injin gas, don man na iya kamawa da wuta.

Akwai tarko guda a nan. Ring ɗin da ke share mai dabam yake da masu riƙe kwamfireshan, saboda haka awo na iya fitowa lafiya lau alhali na ƙasan ya daskare da dauɗa. Camry mai injin 2.4 ta wajajen 2007 zuwa 2009, wadda ta cika titunanmu, an san ta da shan mai ta wannan hanya, kuma sau da yawa ba a ganin hayaƙinta sosai saboda abin nan na cikin salansa da muke kira indomi yana ƙone shi. Irin wannan mota ma'aunin mai ne zai gaya muku gaskiya: a cika daidai alama, a rubuta lambar kilomita, ya dawo bayan ya yi 1,000 a duba.

Kafin duk wannan ma, akwai abubuwa biyu da ake dubawa a minti biyar. Na farko, ko an cika mata mai fiye da kima wajen juye. Na biyu shi ne wanda na fi so ku riƙe daga wasiƙar nan, wato hanyar numfashin inji. Kowane inji, ko sabo ne, yana sakin ɗan iska zuwa cikin ma'ajiyar mai, kuma akwai tiyo da ɗan bawul a saman murfin tof da ke mayar da wannan iska a ƙone ta. Ɗan bawul ɗin in ya maƙale a buɗe, injin zai riƙa zuƙar mai ta cikinsa, hayaƙi shuɗi ya fito tamkar ring ya ƙare. In kuma ya toshe, ko wani gwani ya cusa ƙusa a tiyon ya ɗaure da waya, sai cikin injin ya zama kamar tukunyar da ke tafasa an danne murfinta da dutse: mai zai ɓullo ta gasket, ta sil ɗin gaba, ta na baya, har ya tunkuɗo ma'aunin mai. Ku canja sil sau uku, sau uku zai dawo. Idan kuka ga inji yana yoyo ta ko'ina a lokaci guda, daga nan za ku fara.

Farin hayaƙin safiya a lokacin hunturu ba ciwo ba ne. Lita guda ta fetur in ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa, shi ne tururin da ake gani kafin salansa ta yi zafi. Wanda ke da matsala shi ne mai kauri da ba ya tsayawa, ga ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. A ƙasashen da ake zuba ruwan sanyaya inji na kanti, ƙamshinsa mai zaƙi-zaƙi ke tona asiri. Mu da muke zuba ruwan rijiya ba mu da wannan gata. Sai ku buɗe lagireto injin na sanyi, ku tayar, ku ga ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ku mayar da murfin, ku matsa tiyon sama, in ya yi tauri tun injin bai ɗau zafi ba, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Ku jera fulogai: wanda ya fita fes a cikin 'yan'uwansa masu dauɗa, tururi ne ya wanke shi.

Masu aikin Fijo 504 da 505 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ku tuna silindar injin nan hannun riga ce da ake zarewa, tana zaune cikin ruwa da abin toshiya a gindinta. Mai ya koma kamar madara ba lalle gasket ɗin sama ba ne, yana iya zama daga ƙasa. Kuma in kun ɗaga tof, kada yaro ya juya injin kafin a danne hannayen rigar, in ba haka ba kun buɗe wa kanku sabon aiki. Wani farin hayaƙin ma ba daga inji yake ba sam: masta ta birki in tana yoyo ta baya, sabo (servo) na zuƙe man birkin ya kai shi cikin inji. Ku duba kofin man birki kafin ku kwance tof.

Baƙin hayaƙi ba sai na tsawaita ba, sai dai in ce yawancinsa aikin hannunmu ne. Matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, maimakon a saya sabuwa sai a huda ta ko a jefar, ƙurar ta shiga ta cinye ring ɗin da muke ta zargi. Mun cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, injin mai kwamfuta ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana ta ƙara fetur. Rarar fetur ɗin ta wanke man da ke bangon silinda, ta gangara ta tsinka na ƙasa. Ku shinshina ma'aunin mai za ku ji. A motocin gas kuma, direba ya roƙa a buɗe masa famfo don ta ja lodi, aka buɗe, ga shi tana tafe tana rufe hanya da duhu. Mai turbo in tana shuɗin hayaƙi, ku cire tiyon iska ku duba. Ɗan maiƙo ba komai, amma mai kwance a ciki hatsari ne, domin injin gas na iya kama shan man nan ya yi ta gudu ko an zare makulli.

Sai yoyo. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka inda yake ɗiga ba nan ne inda ya fito ba. Sau nawa aka sauke giyabos don canja sil ɗin baya, alhali murfin tof ne ke zubarwa ta bayan inji, ko ɗan suwic ɗin fitilar mai, ko robar distiributa? An bar jaki ana dukan taiki. Hanyar ba ta da wuya. A wanke injin tas, a bari ya bushe, a barbaɗa hoda a inda ake zato, a tayar na minti goma sha biyar, a bi sawun da tocila daga ƙasa zuwa sama har inda ya ƙare. In yoyon ƙarami ne, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Ja man giya ne na otomatik ko na sitiyari, mai warin ƙibiritu na giyabos ne ko difa. In hayaƙi na tashi daga cikin bonet yana shiga wa fasinja hanci, mai ne ke ɗiga a kan bututun salansa, kuma wannan ba a jinkirta shi don gobara yake jawowa. Haka wanda ya jiƙa bel ɗin tayimin: a canja sil ɗin, a canja bel ɗin tare.

Gam kuwa, don Allah a rage. Abin da ya matso waje in an ɗaure, irinsa ya matso ciki, kuma can zai ɓalle ya je ya toshe rariyar famfon mai, injin da ya zo da ɗigo ya koma da nokin. Murfin tof da faranti na ƙasa ba sa son ƙarfi; ɗauri fiye da kima ke lanƙwasa su. In za ku sa sabon sil, ku shafa farce a inda tsohon ya zauna, in ya yi kwari sabon ma ba zai riƙe ba.

Maganata ta ƙarshe a kan dillalai ce. Za su zo su ce a zuba mata mai mai kauri da maganin hana hayaƙi, gobe za a kai ta kasuwa. Tsohon inji da ya saki jiki, a ƙara masa kaurin mai da sanin mai shi don ya lallaɓa zuwa lokacin da zai samu kuɗi, wannan taimako ne. A yi don a rufe idon mai saye, ha'inci ne, kuma wanda zai saya ɗin wataƙila bashi ya ci ko gona ya sayar. Ku ce ba ku yi.

Iyayen gida, ku sayi ma'aunin kwamfireshan, ku koya wa yaranku aiki da shi, kuma ku kafa doka a garejinku: ba a sauke inji sai an nuna wa mai mota lambobin da aka auna da idonsa.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a.