Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Abaji

Ranka ya daɗe,

Roƙona kan manhajar karɓar haraji ko biyan albashi ne, duk ranar da za ku ba da kwangilarta. Wataƙila a ce muku a bar asalin rubutun manhajar a kan sabar da jama'a ke shiga, wai don masu bincike su gani. Don Allah kada ku yarda. Sau da yawa a cikin rubutun nan ake manta kalmar sirrin rumbun bayanai. Ɓarawo na samunta, ya sami sunan mai sayar da doya a kasuwar Abaji, da lambar wayarta, da asusunta. Kuma mai mabuɗin sabar yana iya sauya layi a rubutun da tsakar dare, ba sawu.

Mai bincike tarihi yake nema: wa ya sauya, yaushe, wa ya amince. Ku karɓi rubutun daga ɗan kwangila ya zama mallakar hukuma, a adana shi a keɓe cikin Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauye. Mai rubutawa daban, mai ɗorawa daban.

Idan bayanai suka fita har aka ji tsoron cutar da masu su, Dokar Kare Bayanai ta 2023 sa'o'i 72 kacal ta ba ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Naku,
Wani mazaunin Abaji